Gyangyaɗi a Kan Sitiyari

Duk wanda ya taɓa ratsa Tafa ko Marabar Jos bayan sallar isha'i, ya ga tireloli da tankokin mai jere a bakin kwalta, masu shayi sun hura wuta, yaran mota suna zagayawa suna bubbuga tayoyi da ƙarfe, ya san akwai wata al'umma a ƙasar nan wadda aikinta ba ya kankama sai dare ya raba. Direbobin manyan motoci suna da hujjarsu ta son tafiyar dare, domin a lokacin kwalta ta huce, taya ba ta saurin fashewa, ƙananan motoci kuma sun ragu. Sai dai hanyar da ta taso daga Apapa, ta bi ta Ibadan da Ilori, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Mokwa har ta dangana da Kano, ta haura kilomita 1,000, alhali kuwa Ubangiji bai halicci ɗan Adam da ikon cinye irin wannan tazara ido biyu ba.

Malaman fikihu na mazhabar Malikiyya, a babin abubuwan da ke warware alwala, sun kasa barci gida huɗu: dogo mai nauyi, gajere mai nauyi, dogo marar nauyi, da gajere marar nauyi. Suka ce mai nauyi yana warware alwala ko da gajere ne, alamarsa kuma ita ce carbi ya suɓuce daga hannun mutum bai sani ba. To, wannan gajere mai nauyin shi ne ajalin direbobi da yawa, saboda yana zuwa ne na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ma ido a buɗe, mai shi kuwa zai iya rantsuwa cewa bai runtsa ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, ke nan cikin daƙiƙa huɗu ta shafe kusan mita 90 ɗauke da lodin siminti ko fetur ba tare da mai riƙe da ita ba. Shi ya sa sau da yawa ba a ganin sawun birki a wurin irin wannan haɗari.

Dalilin abin a jiki yake, ba lalaci ba ne. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, gwargwadon taruwarsa gwargwadon nauyin ido. Ga kuma agogon da ke cikin jiki, wanda yake sassauta kuzari daga misalin ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, ya sake sassautawa kaɗan bayan azahar, lokacin da magabata suka ware domin ƙailula. Wani bincike da Dawson da Reid suka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun raunana daidai da na wanda barasa ta kai masa haddin da dokokin ƙasashe da dama suka hana tuƙi. Abin lura ne ƙwarai ga direban da bai taɓa kai barasa bakinsa ba tun da aka haife shi.

Dabarun da aka saba da su kuwa sanannu ne: a ɓare goro, a sa mai shayi ya kaɗa kofi mai kauri, a sauke gilashi iska ta bugi fuska, a ƙure rediyo, a ce wa yaron mota ya yi ta hira. Iska da rediyo ba sa wuce 'yan mintoci. Goro da kofi suna da amfani na haƙiƙa, domin kafeyin da ke cikinsu yana toshe wurin da adenosin yake kamawa, amma ba ya kawar da shi. Bashi ne aka ɗaga wa'adinsa, kuma idan kafeyin ya sake, mai bin bashin yana dawowa da ƙarfinsa. Amma ƙwaya, musamman taramol da wasu ke haɗiya da sunan ƙarin ƙarfi, wannan musiba ce tsantsa, domin asalinta maganin ciwo ne mai kashe jiki, tana rufe gajiya ta bar mutum cikin maye, idan ta yi yawa kuma tana iya jawo farfaɗiya a kan sitiyari.

Abin da ke aiki shi ne wanda direba ya fi ƙi, wato tsayawa. Da zarar hamma ta yawaita, ko ya ga ya wuce wani ƙauye bai tuna wucewarsa ba, ko taya ta fara taɓa gefen kwalta, lokacin shawara ya ƙare. Ya nemi tasha ko gari mai jama'a, ya sha kofi, nan take ya kwanta na minti 15 zuwa 20, saboda kafeyin yana ɗaukar kusan rabin awa kafin ya kama jiki, sai farkawarsa ta zo daidai da kamawar. Sannan ya sauko ya yi alwala, ya taka ƙasa kaɗan kafin ya tayar da mota, don magagi ya sake shi. Wannan ma agaji ne na awa ɗaya ko biyu. Malmalar tuwo ko sakwara da tsakar dare tana ƙara nauyin ido, gara a ci kaɗan kaɗan. Wanda kuma yake da minshari mai tsanani, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ya tashi a gajiye ko da ya kwana cikakke, ya ga likita, domin cuta ce da ake magancewa.

Zai zama rashin adalci a ɗora wa direba laifin duka. A Tarayyar Turai doka ta wajabta hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma iyakance tuƙin yini a awa 9 bisa al'ada, akwai na'ura a cikin mota mai rubuta komai, ana kuma tuhumar kamfani tare da direba. A nan kuwa, ko da yake hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana ta wa'azin hutu, mutumin da ya kwana uku a layin lodi, ubangidansa yana bugo waya yana cewa, “Malam, kana ina? Kaya fa ana jira,” ba shi da sararin jin wa'azi, idan ya shiga dajin Birnin Gwari kuwa, tsoron 'yan bindiga ya isa ya hana shi tsayawa ko idonsa na rufewa. Mai motar da ya sa direba biyu suna karɓeɓeniya, ya ƙara kwana guda a lissafin tafiya, ya ba da kuɗin hanya da zai isa a kwana a tasha mai tsaro, abin da zai kashe a shekara bai kai kuɗin kan tirela guda da ya kife ba.