Kafin Ka Ajiye Aikin Gwamnati, Tambayi Gonarka

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa har Kunchi, Bichi da Minjibir, da wuya ka sami magidancin da gona kaɗai ke ciyar da shi shekara, da wuya kuma ka sami wanda albashi kaɗai ke riƙe masa gida. Rabon gado ya yayyanka gonaki, ga jama'a maƙil. Ba a barin fili ya huta. Inda aka noma bara nan za a noma bana: gero da dawa, wake da gyaɗa a tsakaninsu, ga gawo tsaye a tsakiyar gona. Tun shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi ta rubutu kan yadda ƙasar kewayen Kano ke ɗaukar mutane da yawa haka ba ta mutu ba. Mu da muka tashi a cikinta mun san dalili: taki ne, da kiwo, da kuɗin da ake samowa daga wata sana'a a zuba wa gonar.

Aikin gwamnati ɗaya ne daga cikin waɗannan sana'o'i. Shi ya sa idan na ji ana ba ma'aikaci shawara kan komawa kamfani, ana jera albashin nan da na can ana duba wanda ya fi tsoka, sai in ga an bar rabin lissafin a baya. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, kuma na ga waɗanda suka tafi suka dace, na ga waɗanda suka dawo ba aikin ba gonar.

Ɗan wana, malamin firamare, shi ya kawo min maganar kwanan baya. Ya durƙusa muka gaisa, sannan ya ce, "Baffa, an yi min tayin aiki a kasuwar Dawanau. Sito zan kula wa wani kamfani mai sayen riɗi da zoɓo. Abin da za su ba ni ya kusa ninka wanda nake karɓa. Me ka gani?"

Ban ga laifinsa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kano ma ta yanke 71,000, amma kasuwa ta riga ƙarin gudu. Alat na shigowa mai shago zai buɗe littafin bashi, mai maganin da ya ɗaga maka ƙafa yana jira, ga zubin adashi. Kafin goma ga wata an koma gidan jiya. Dattawa har yau suna tuna ƙarin Udoji na 1974, lokacin da ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur da rediyo. Wancan zamani ya wuce, kuma yaron da yake ganin sa'o'insa suna juya kuɗi a Dawanau ba za ka rarrashe shi da labarin Udoji ba.

Tambayar da na fara yi masa ita ce: wa zai yi maka firi, wa zai yi maimai?

Mutane da yawa ba su san cewa Tsarin Mulkin 1999, a jadawalinsa na biyar, ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma ya ce wannan ba a hana ba. Doka ta ba ka dama, lokaci ma ya ba ka. Malamin firamare yana tashi da azahar, la'asar tana yi masa a gona da fartanya. Dogon hutun makaranta yana faɗowa cikin damina. Da rani shi da yaransa suke kwashe takin turke, jaki ya yi ta kai mangala ana tsibawa a gona tuli-tuli. Albashin, duk ƙanƙantarsa, shi ke sayen buhun yuriya a kan kari, shi ke hana shi sayar da wakensa da kaka lokacin da ya fi arha. Harawar da ya ɗaure ya jibge a kan rumfa ita za ta ƙiwata ragon da zai kai kasuwar Ɗambatta gab da Babbar Salla. Duk wannan samu ne, sai dai ba ya zuwa ta waya.

Kamfani kuwa lokacinka yake saya gaba ɗaya, daga safe har dare. Aikin sito ya fi zafi da kaka, daidai lokacin da naka geron ke jiran yanka. Sai ka biya 'yan ƙwadago su yi abin da hannunka ke yi, kuma aikin da ba idon mai gona a kansa kowa ya san yadda yake ƙarewa. Ƙara kuɗin haya, da abincin saye sau uku, da kuɗin motar zuwa ganin iyali. Na ce masa ya ɗauki biro ya cire waɗannan daga sabon albashin, abin da ya rage shi ne gaskiyar tayin.

Sai maganar takarda. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aikin ya zuba kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, amma wajibcin yana kan wuraren da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To mutum nawa ne a kamfanin? Za su ba ka takardar ɗauka a rubuce, ko maganar baka ce tsakaninka da Alhaji? Idan kakar riɗi ta wuce, akwai albashi da bazara? Idan ka kwanta ciwo wata biyu fa? Wanda ya ji kunyar yin waɗannan tambayoyi kafin ya karɓi makullin sito, zai yi su a lokacin da ba su da amfani.

Ba ina cewa inuwar gwamnati ba ta da rana ba. Gwamnatin Jihar Kano ta Abba Kabir Yusuf da kanta ta ce ta gaji bashin kuɗin sallama da haƙƙin mamata da ya haura naira biliyan 48, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Wato akwai waɗanda suka cika shekara 35 suna aiki, ko suka kai 60 da haihuwa, suka koma gida suna jira. Amma duk wanda ya san Bompai, Sharaɗa da Chalawa a lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda suka rurrufe ɗaya bayan ɗaya, ya san kamfani ma yana mutuwa. Waɗanda suka dawo ƙauye suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda ba su sayar da gonar gado ba.

Akwai wanda ni da kaina zan ce masa ya tafi. Saurayin da bai daɗe da kama aiki ba, gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, yana da sana'a a hannu, ko gwajin jini, ko kwamfuta, ko ilmin ban-ruwa da iri irin wanda ake koyarwa a Kwalejin Noma ta Audu Bako, an ajiye shi a ofishin da ba kayan aiki, yana sa hannu yana komawa gindin bishiya. Wannan zaman yana cinye abin da ya karanta. Kamfanonin shinkafa da na iri da na taki suna neman irinsa, kuma barin aikin gwamnati ba abin kunya ba ne, ko da dangi za su ce ya yi wauta. Wanda kuwa ya ci rabin shekarun aikinsa, ga iyali ga gona, ya fara zuwa ofishin Amintattun Asusun Fansho ya ji abin da zai samu da abin da zai rasa, ya kuma tambaya ko za a ba shi hutu ba albashi ya gwada.

Hanya ɗaya ce ba na goyon baya ko kaɗan, ita ce kuma aka fi bi a ɓoye: mutum ya bar sunansa a takardar albashi, ya tafi harkarsa, ba a ganinsa sai ranar tantancewa. Ajin da ya bari ba malami 'ya'yanmu ne a cikinsa. Asibitin sha-ka-tafi da aka rufe da kwaɗo, matanmu ne ke zuwa da goyo su juya. Na ce wa ɗan wana, "Idan lissafinka ya nuna maka tafiya, ka tafi, na sa maka albarka. Amma ka rubuta takardar ajiye aiki ka miƙa wa hedimasta da hannunka, domin a san gurbi ya buɗe. Akwai yaran garin nan da suka gama kwalejin ilimi ta Bichi suna zaune da takardunsu suna jiran aji."