Ƙwayar Halitta da Sassanta: Tushen Amosanin Jini da Zazzaɓin Cizon Sauro

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Birnin Kudu ko ta Gwaram ya san cewa da zarar damina ta kankama, ruwa ya kwanta a fadamu da kududdufai, sai zazzaɓin cizon sauro ya shiga gidaje. Haka kuma idan hunturu ya buso, akan sami wasu yara suna kwana kuka saboda ciwon ƙashi, idanunsu sun yi ɗorawa, jikinsu kuma ya ƙi girma. Wannan cuta ta biyu ita ce amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Iyaye sukan ɗauko irin waɗannan yara daga ƙauyuka zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda akan ɗebi jininsu a auna. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, cututtukan nan biyu a wuri ɗaya suke yin ɓarnarsu, watau cikin wata 'yar ƙwaya wadda ido ba ya iya gani.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka gina ƙwayar halitta, da aikin kowane sashe nata, sa'an nan a nuna yadda sanin wannan gini yake warware wasu tambayoyi da suka daɗe suna damun iyaye. Don kauce wa ruɗani, za a yi amfani da "ƙwayar halitta" ga mafi ƙanƙantar yanki mai rai na jiki, "ƙwayar gado" kuwa ga umarnin da ɗa yake gada daga iyayensa.

2.0 Yadda Aka Gano Ƙwayar Halitta

A shekarar 1665 wani masani na ƙasar Ingila, Robert Hooke, ya yanko ɓawon itace siriri ya duba ta madubin da ke ƙara girman abu. Sai ya ga ƙananan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. Bayan 'yan shekaru Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga ƙananan halittu masu motsi cikin ɗigon ruwa, ya kuma siffanta jajayen ƙwayoyin jini. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1855 Rudolf Virchow ya ƙara da cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa. Shi ne kuma ya ja hankalin likitoci ga neman asalin cuta a cikin ƙwayar.

An ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan talatin. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan adadi jajayen ƙwayoyin jini ne. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera kamar guda 130 kafin su cika milimita ɗaya.

3.0 Sassan Ƙwayar Halitta

Kalmar "birni", kamar yadda take a sunan Birnin Kudu, tana nufin gari mai ganuwa. Ana iya fahimtar ƙwayar halitta idan aka kwatanta ta da irin wannan gari, mai ganuwa da ƙofofi da fada da unguwannin masu sana'a.

3.1 Tantani. Shi ne ganuwa. An gina shi da ruɓi biyu na maiƙo, an kuma dasa furotin iri-iri a jikinsa, waɗanda suke aikin ƙofofi. Ta nan ruwa da gishiri da sukari suke shiga, ta nan shara take fita. Sai dai ganuwa ce mai laushi, tana lanƙwasa ba tare da ta fashe ba.

3.2 Cibiya. Ita ce fada, inda ake ajiye kundin umarni. Kundin nan wani zare ne da ake kira DNA, wanda da za a warware na ƙwaya ɗaya a miƙe shi, da tsawonsa ya kai kamar mita 2. An naɗe shi dami-dami har 46, kowane dami sunansa kuromosom. Guda 23 daga uba suke, 23 daga uwa. A jikin zaren nan ƙwayoyin gado suke jere.

3.3 Ribosom. Su ne maƙera. Daga cibiya ake aiko musu da kwafin umarni, su kuma su ƙera furotin ta hanyar jera wasu ƙananan sinadarai iri 20 masu suna amino asid, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zura duwatsun carbi a zare. Yadda aka jera su shi yake ba furotin siffarsa, siffar kuma ita take ba shi aikinsa. Wasu ribosom ɗin a manne suke da wata raga ta tantani wadda ta bazu cikin ƙwayar kamar lunguna, ta cikinta kayan da aka ƙera suke bi.

3.4 Kunshin Golgi. An sa masa sunan Camillo Golgi na ƙasar Italiya, wanda ya gano shi a 1898. Nan ake ƙarasa gyaran furotin, a ƙulle shi, a aika da shi inda ake bukata, kamar yadda fatake suke ɗaure kaya a zango.

3.5 Mitokondiriya. Su ne murhu. A cikinsu ake ƙona abincin da aka ci da taimakon iskar oksijin, a sami ƙarfin da jiki yake aiki da shi. Shi ya sa suka yi yawa a ƙwayoyin tsoka da na zuciya. Suna da ɗan guntun DNA nasu na kansu, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa.

3.6 Lisosom. Su ne masu shara, su ne kuma dogarai. 'Yan jakunkuna ne masu ɗauke da sinadaran narkarwa, suna narkar da abin da ya tsufa da kuma baƙon da ya kutso. Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya gano su a 1955.

Ƙwayar tsiro tana da waɗannan, ta kuma ƙara da abu uku. Tana da bango mai tauri a bayan tantani. Kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce da ta yi tsawo, kusan dukkanta wannan bango ne. Tana da kulorofilas, masu ba ganyen dawa da gero launin kore, waɗanda suke haɗa sukari daga ruwa da iska da hasken rana. Tana kuma da babbar jakar ruwa a tsakiya. Idan aka yi fari jakar ta motse, shi ne manomi yake ganin shuka ta yi yaushi.

4.0 Jar Ƙwayar Jini: Gari Marar Fada

A cikin ɓargo ake yin jajayen ƙwayoyin jini, fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Tun tana ƙarama ƙwayar tana da cibiya da ribosom da mitokondiriya kamar kowace. Amma kafin ta kammala girma sai ta zubar da su duka, don ta sami wurin cika cikinta da wani furotin ja mai suna himogulobin, wajen guda miliyan 270. Aikinsa shi ne ɗauko oksijin daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Siffar ƙwayar kamar waina ce mai lotsawa a tsakiya, tana da laushin da za ta matse ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta.

Wannan tsari yana da riba, yana kuma da hasara. Tun da ba fada ba maƙera, ƙwayar ba ta iya gyara kanta idan ta lalace. Takan yi kwana 120 tana zagaye, sa'an nan saifa ta tsame ta. Tun da kuma ba dogarai, baƙo yana iya shiga ya ɓuya.

5.0 Amosanin Jini

A 1910 likita James Herrick na birnin Shikago a Amurka ya bayyana jajayen ƙwayoyi masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin a jikin himogulobin yake. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin wurin. Himogulobin yana da wani carbi mai duwatsu 146, wanda umarnin ƙera shi yana kan kuromosom na 11. Ga mai amosanin jini, dutse na shida kaɗai aka musanya da wani.

Wannan 'yar musanya ta isa. Da zarar irin wannan himogulobin ya sauke oksijin, sai ya manne da 'yan'uwansa su zama dogayen tsinkaye masu tauri, su tokare tantani, ƙwayar ta koma kamar lauje. Sai ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, naman da ke gaba ya rasa oksijin. Wannan shi ne azabar da yaro yake ji a ƙashi. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi da aikin wahala duk suna ta da ciwon. Da yake ƙwayar ba ta da maƙeran da za su gyara tantaninta, kwana 10 zuwa 20 kawai take yi ta mutu. Ɓargo ya kasa mayar da gurbi, jini ya yi ƙaranci, launin da ya fito daga matattun ƙwayoyi kuma ya rina ido ya yi ɗorawa.

Batun gado a nan yana bukatar lura. Kowane mutum yana da kwafi biyu na wannan umarni, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Mai lafiyayyu biyu shi ne AA. Mai lafiyayye ɗaya da mai aibi ɗaya shi ne AS, kuma yawanci lafiyarsa ƙalau. Mai aibi biyu shi ne SS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu na zama AS, ɗaya na zama AA. Kowane ciki lissafinsa dabam, saboda haka ana iya haifar SS uku a jere, ana kuma iya rasa ko ɗaya. Ke nan kuskure ne a ɗora wa mace laifi, a ce daga danginta ciwon ya fito, har a kai ga saki. Ba a haifar SS sai uban ma ya ba da nasa kwafin. Haka nan, ya kamata a tuna da wannan cuta idan ana maganar gidajen da ake ta haihuwa yaran suna komawa, har a kira mai bi musu ɗan wabi.

6.0 Dangantakarsa da Zazzaɓin Cizon Sauro

Ƙwayar cutar zazzaɓi ita kanta ƙwayar halitta ɗaya ce, mai cibiyarta da sassanta. Alphonse Laveran ya fara ganinta cikin jini a ƙasar Aljeriya a 1880. Idan macen sauro ta zuba ta a jiki, sai ta fara sauka a hanta ta hayayyafa, sa'an nan ta shiga jar ƙwayar jini ta riƙa cin himogulobin. Irin da ya fi yawa a Nijeriya yakan yi sa'a 48 a ciki, ya fasa ƙwayar, 'ya'yansa su bazu. Golgi ɗin nan da aka ambata a baya shi ne ya nuna cewa lokacin fashewar ne zazzaɓi yake tasowa.

To, me ya sa gadon da ke kisa bai ɓace ba? A 1954 Anthony Allison, daga binciken da ya yi a Afirka ta Gabas, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ƙwayarsu da cutar ta shiga takan lanƙwashe, saifa ta tsame ta tare da baƙon. Sukan kamu da zazzaɓi, amma ba kasafai yake kai su ga halaka ba. Mai SS kuwa zazzaɓi babban haɗari ne gare shi.

An tabbatar da wannan a kusa da gida. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓi a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, tun 1991 kuwa tana Jihar Jigawa. An tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma da ƙyar ake samun SS cikin manya, domin yawancinsu tun suna ƙanana suke rasuwa. Masu AS kuwa sun kai wajen ɗaya cikin huɗu na jarirai, cikin manya ma sun ɗara haka. A 2006 Hukumar ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu amosanin jini a Nijeriya kowace shekara.

7.0 Kammalawa

An ga yadda sassan ƙwayar halitta suka raba aiki a tsakaninsu, da yadda jar ƙwayar jini, da ta rasa yawancinsu, ta zama matattarar cututtuka biyu. Halin da aka tarar a Garki ba lalle ne ya dawwama ba. Yaro mai SS da aka gane da wuri, yana kwana cikin gidan sauro, yana shan ruwa isasshe, ana kare shi daga sanyi, ana yi masa allurar riga-kafi, yana kuma shan magungunan da likita ya rubuta, yana iya girma ya yi karatu ya yi iyali. Dashen ɓargo yana warkarwa, kuma an fara yin sa a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin jini kafin aure. Ko da doka ko ba doka, abin da ya fi dacewa ga saurayi da budurwa a Birnin Kudu da Gwaram shi ne su san rukunin jininsu tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba. Nauyin isar da wannan bayani cikin Hausar da uwa a ƙauye za ta fahimta kuwa, yana wuyan ɗaliban harshe kamar yadda yake wuyan likitoci.