Daga Tagulla Zuwa Lu'ulu'u: Abin da Ya Bambanta Gwani da Ɗan Koyo a Wasannin Yaƙi na Intanet

Gabatarwa

A Boɗinga da Shagari, garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, an daɗe da sanin cewa 'yan wasa hawa-hawa ne. Idan kaka ta yi aka buɗe filin kokawa, yara ne ke fara shiga, samari su biyo baya, sai can ƙarshe manyan 'yan kokawa su fito. Idon dattawa shi ne ma'aunin da ke hana a haɗa ɗan koyo da gwani.

Wayar hannu ta kawo wa matasa wani sabon fili. A wasanni irin su Free Fire, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, mutum huɗu kan haɗu su yi rukuni ɗaya su kara da wasu ta intanet. A League of Legends kuwa, wanda aka fara a 2009, biyar ne ke karawa da biyar. Dukkansu sun kasa 'yan wasa mataki-mataki, an kuma laƙaba wa matakan sunayen ma'adinai: tagulla, azurfa, zinariya, har zuwa lu'ulu'u da abin da ya yi sama. Wannan maƙala za ta duba yadda ake auna waɗannan matakai, da abin da ɗan mataki na sama ya sani wanda na ƙasa bai sani ba.

Yadda Ake Auna Ƙwarewa

Tushen lissafin ya samo asali ne daga darar Turawa da ake kira ces. Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Marquette ta Amurka, shi ya tsara wata hanya ta ba kowane ɗan wasa maki. Ƙungiyar ces ta Amurka ta karɓe ta a 1960, ta duniya kuma a 1970.

Makin Elo hasashe ne na wanda ya fi kusa da cin wasa. Idan mutum biyu makinsu ɗaya, kowannensu yana da rabin dama. Idan ɗaya ya fi ɗaya da maki 100, ana sa ran ya sami kashi 64 cikin 100 na nasarorin. Da maki 200, kashi 76. Da maki 400, kashi 91. Bayan kowane wasa sai a gyara makin gwargwadon yadda sakamako ya saɓa wa hasashe. A ɗauka mafi yawan makin da za a iya samu a wasa ɗaya 32 ne. In tsara biyu sun kara, wanda ya ci zai sami 16. In akwai tazarar maki 200 tsakaninsu kuma babban ya ci, 8 kawai zai samu. In ƙaramin ne ya kayar da shi, zai kwashi 24. Wannan ya yi daidai da hukuncin filin kokawa, inda sunan yaro ke fita ran da ya kayar da wanda ake tsoro.

Wasan rukuni ya fi wuyar aunawa, domin nasarar ta mutane da yawa ce. A 2005 kamfanin Microsoft ya fara amfani da wani tsari mai suna TrueSkill, wanda ke ajiye wa kowane ɗan wasa lamba biyu: kiyasin ƙwarewarsa, da yawan shakkar da ke tattare da kiyasin. Shakka a kan sabon shiga tana da yawa, shi ya sa makinsa ke hawa da sauka da sauri, sannan ya natsu yayin da wasanninsa suka yi yawa. Kowane kamfani yana da nasa lissafin, amma manufar ɗaya ce, wato a haɗa kowa da tsaransa.

Ina Bambancin Yake?

Yawancin 'yan koyo suna zaton saurin yatsa ne ya raba su da gwanaye. Sauri yana da nasa amfani, sai dai yana da iyaka: tsakanin ganin abu da danna maɓalli, lafiyayyen matashi kan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa, kuma horo ba ya rage wannan lokaci da yawa. Babbar tazarar tana wajen abin da ido ke ganewa.

A 1973 William Chase da Herbert Simon na Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna wa 'yan ces allon wasa na daƙiƙa biyar, suka rufe, suka ce kowa ya mayar da 'ya'yan darar inda ya gan su. Da aka yi amfani da tsarin wasa na gaskiya, gwani ya tuna kusan ninki huɗu na abin da ɗan koyo ya tuna. Da aka watsa 'ya'yan darar barkatai, sai fifikon gwani ya kusan ɓacewa. Ashe ba ƙarfin hadda ya fi shi ba. Gwani yana ganin allon ne gungu-gungu, kamar yadda mai karatu ke ganin kalma gaba ɗaya alhali ɗan aji ɗaya yana haɗa baƙi da wasali.

Wasan langa yana nuna wannan a fili. Ɗan koyo yana kallon wanda ke gabansa ne kawai, ya kai masa tura. Gwani yana lura da inda ruwa yake, da ɓangaren da abokan gaba suka bari a buɗe, da lokacin da ya dace ya ƙyale abokin karawa ya koma ya tsare ruwansu. Ana iya kayar da mutum uku a kuma rasa wasan, muddin ruwan wancan ɓangare ya sha. Haka abin yake a wayar hannu. A matakan ƙasa ɗan wasa yana fama ne da sarrafa maɓallai, kuma kuskure mai tsanani ke yanke hukunci. A tsakiya hannu ya saba, hankali ya sami sararin duba taswira da sanin inda abokan gaba suke. A sama kowa ya iya waɗannan, sai gasar ta koma ta haɗa kai, da karanta nufin abokin gaba, da sanin faɗan da bai kamata a shiga ba.

Masana a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun tabbatar da wani ɓangare na wannan a 2013, bayan nazarin bayanan 'yan wasa fiye da 3,000 na wasan yaƙi mai suna StarCraft 2. Sun gano cewa abin da ke raba mataki da na kusa da shi yana sauyawa yayin da ake hawa. A 2014 suka ƙara nuna cewa sauri yana fara raguwa daga wajen shekara 24, amma manya suna cike giɓin da dabara.

Sa'a da Nisan Hanya

Ɗan wasan da ya daɗe a mataki ɗaya yakan ɗora laifi a kan abokan rukuninsa. Lissafi bai goyi bayansa ba. A wasan biyar da biyar, baƙi huɗu ne a ɓangarensa, biyar a wancan ɓangare, don haka mai ɓata wasa ya fi yiwuwa ya faɗo cikin abokan gaba. Wanda ya jefa kwabo sau goma yana iya samun fuska ɗaya sau bakwai, amma in ya jefa sau dubu, sakamakon zai kusanci rabi da rabi. Mutum ɗaya ne ke cikin dukkan wasanninsa, wato shi kansa.

Akwai dai cikas na gaskiya ga mai wasa daga Boɗinga ko Shagari. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashin da ke ɗaukar saƙon intanet. Daga Sakkwato zuwa Legas akwai wajen kilomita 1,000, kuma wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kilomita 7,000 zuwa Fotugal. Idan kwamfutar da ke riƙe da wasan tana Turai, zuwa da dawowar saƙo ta wannan hanya ba zai gaza kashi 8 cikin 100 na daƙiƙa ba, kusan sulusin lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya amsa wa ido. Wannan yana cutar da mai dogaro da sauri fiye da mai dogaro da hangen gaba.

Kammalawa

Yawan awanni kaɗai ba ya ɗaga mataki. Binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka buga a 1993 a kan ɗaliban kiɗa a birnin Balin ya jaddada horo mai manufa: a ware rauni guda, a maimaita aiki a kansa, a sami mai gyara. Ɗalibin da ke sake warware lissafin da ya riga ya iya yana cikin hali ɗaya da ɗan wasan da ya yi wasa dubu yana maimaita kuskure ɗaya. Malamai kuma suna iya amfani da teburin Elo wajen koyar da darasin yiwuwa a aji. Ya kamata a tuna cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka, idan wasa ya rinjayi karatu da sauran hidimomin rayuwa. Ko a filin kokawa, sai an gama aikin gona ake buga ganga.