Kukan Masu Honda Civic a Amurka, Jawabi Ne Gare Mu

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kaduna, ko Jos, ko Yola, ba zai daɗe ba sai ya ga Honda Civic ta wuce. Ƙaramar mota ce wadda kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara ƙerawa tun 1972, kuma ta yi suna wajen rashin shan mai da juriyar wahala. Shi ya sa malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, in Allah ya hore musu abin sayen mota, sau da yawa ita suke fara tambaya. Galibin waɗanda ke yawo a titunanmu kuwa ba sababbi aka sayo su ba. Waɗanda aka yi amfani da su ne a Amurka ko Kanada, aka ɗoro su a jirgin ruwa, wato abin da muke kira tokumbo ko 'yar Kwatano.

To, 'yan'uwa masu karatu, tun kafin motocin nan su iso wurinmu, masu su na fari sun yi kuka a kan waɗansu daga cikinsu, musamman a kan inji da kuma na'urar sanyi, wato esi. Kukan bai tafi a banza ba, domin kamfanin ya amsa, ya kuma gyara wa mutane da yawa kyauta. Sai dai idan motar ta ƙetaro teku, ciwon kan biyo ta, amma alkawarin gyaran a can yake tsayawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu ji abin da suka koka a kai.

Bari mu fara da wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu, wato ƙirar 2006 zuwa 2011, mai injin lita 1.8, wadda 'yan kasuwar mota suke wa laƙabi da I-Robot. A cikin ƙirar 2006, da 2007, da 2008, da waɗansu na farkon 2009, masu mota a Amurka sun riƙa lura cewa ruwan lagireto yana raguwa ba tare da sun ga inda yake zuba ba. Mutum ya cika yau, bayan 'yan makonni ya tarar ya sauka. A canza tiyo, a canza murfin lagireto, abin bai daina ba. Daga baya aka gano cewa gangar jikin injin ce kanta, wadda makanikai ke kira bulok, take tsagewa. Da alminiyam aka zuba ta, kuma tun wurin zubin aka sami rauni a waɗansu. Tsagar siririya ce kamar gashi, takan fito ta gaba a bayan bututun hayaƙi, ko kuma ta bayan injin inda ido ba ya kaiwa da sauƙi. Ruwan da ke tsatsowa yakan bushe da zafin ƙarfe tun bai ɗiga ƙasa ba, don haka mai mota ba ya ganin alama a inda ya ajiye ta. Ranar da ruwa ya ƙare a kan hanya, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone, wani lokaci ma injin gaba ɗaya ya tashi aiki.

A Amurka, garantin da Honda ke bayarwa a kan inji shekara 5 ne ko tafiyar mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Da yawa daga cikin injunan nan sun tsage ne bayan wa'adin ya wuce. Masu motar ba su yi shiru ba. Sun rubuta wa kamfanin, sun kuma shigar da kokensu a hukumar gwamnatin Amurka mai kula da lafiyar motoci, wadda ake kira NHTSA, inda ake ajiye kowane koke tare da shekarar motar da irin abin da ya faru. Da abin ya yi yawa, Honda ta ƙara wa'adin garantin bulok ɗin zuwa shekara 8, daga baya ta mai da shi shekara 10, komai nisan tafiyar da motar ta yi. Wanda injinsa ya tsage a cikin wa'adin, an sa masa sabon bulok kyauta, wanda kuma ya riga ya biya da kuɗinsa, an ba shi damar neman a mayar masa.

Amma mu yi lissafi. Motar da aka fara saya a 2006, wa'adinta ya cika a 2016. Ta 2009 kuwa, a wajajen 2019. Wato yau babu ko ɗaya da ta rage a cikin wannan alkawari. Bugu da ƙari, irin wannan ƙarin garanti ba ya hawa kan motar da kamfanin inshora ya riga ya yanke cewa ta lalace, aka sayar da ita a gwanjo bayan hatsari ko ambaliya. Kowa ya san cewa da yawa daga cikin motocin da ake kawo mana, daga irin wannan gwanjo suke fitowa, a yi musu gyaran jiki da fenti su fito fes.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake bi da irin wannan ciwo a garejojinmu. Da zarar mota ta fara zafi, abu na farko da makanike da yawa zai ce shi ne a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Na biyu, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Na uku, a riƙa ɗura ruwan famfo ko na rijiya. Babu ɗaya cikin ukun da ke toshe tsaga. Abin da suke yi kawai shi ne ɓoye alamar, har mai saye na gaba ya shiga tarko. Ruwan rijiya kuma yana barin tsatsa da gasari a cikin hanyoyin ruwa, yana kuma saurin tafasa fiye da ruwan kulan da aka yi domin aikin. Mai niyyar sayen wannan ƙira, ya je da safe tun injin yana sanyi, ya sa a haska gaba da bayan bulok da tocila. In ya ga busasshen sawun ruwa mai launin shuɗi ko fari-fari, ko ya ga an shafa gam, ya san abin da ke nan. In kuma akwai makaniken da ke da famfon gwada matsin lagireto, kuɗin gwajin bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba, balle na inji.

Ƙirar 2016 zuwa 2021 ita ce yanzu take shigowa da yawa, kuma ita matasa ke sha'awa. Ta fito da farin jini, har aka zaɓe ta motar shekara a Arewacin Amurka a 2016. Duk da haka, a farkon wannan shekarar sai da kamfanin ya kira wajen motoci 42,000 masu injin lita 2.0 su dawo a duba su, saboda wani ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe fil ɗin fistin, wanda a waɗansu ba a sa shi daidai ba, a waɗansu ma ba a sa ba sam. Wannan an gano shi da wuri, an kuma yi maganinsa.

Wanda ya fi jawo surutu shi ne ɗaya injin, mai lita 1.5 da turbo. Masu shi sun riƙa zaro gejin baƙin mai su ga man ya hau sama da alamar cika, alhali ba su ƙara ba, yana kuma warin fetur. Dalilin shi ne, wannan inji yana fesa fetur ne kai tsaye cikin silinda. Idan ƙarfen yana da sanyi, wani ɓangare na fetur ɗin ba ya ƙonewa, sai ya manne a bango, ya zurara ta gefen ringin ya gauraya da baƙin mai a ƙasa. In injin ya yi zafi sosai aka yi doguwar tafiya, fetur ɗin yakan tururi ya fita. In kuwa gajeriyar tafiya ake yi kullum a cikin tsananin sanyi, sai ya yi ta taruwa, man ya tsinke, ya kasa kare ƙarafa daga gugar juna. A ƙasar Sin aka fara tayar da jijiyar wuya a kai, a yankunan arewa masu ƙanƙara. A farkon 2018 Honda ta ce za ta kira wajen motoci 350,000, Civic da CR-V, amma hukumar ƙasar ta ce shirin gyaran bai gamsar ba, har kamfanin ya dakatar da sayar da CR-V a can na wani lokaci. A Amurka kuma aka sake tsarin kwamfutar injin domin ya riƙa saurin ɗumi, aka ƙara garantin waɗansu sassansa zuwa shekara 6 a 2019.

Wani zai ce, ai wannan ciwon ƙasar ƙanƙara ne, ina ruwanmu da shi a Sakkwato ko Maiduguri? Da gaskiyarsa, zafin ƙasarmu yana taimaka wa wannan inji, ko sanyin hunturun Jos bai kama ƙafar na arewacin Sin ba. Amma fa in dai an bar masa tamostat ɗinsa. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, kusan digiri 90. Wanda ya cire shi, ya kuma sa fanka ta yi ta juyawa, ya sa injin yana aiki a sanyaye, wato da hannunsa ya kawo wa motarsa rabin abin da ya addabi mutanen can. A ganinmu, wannan ɗabi'a ta cire tamostat ta dace a sake duba ta ga kowace mota, amma ga wannan inji ta fi hatsari.

Sai batun esi, wanda a ƙasarmu ba kayan ado ba ne, musamman ga mai ɗauke da yara ko tsofaffi a watan Maris da Afrilu. Masu Civic ƙirar 2016 zuwa 2018 sun yi ta kuka cewa motar ba ta wuce shekara biyu ko uku ba sai sanyin ya ɗauke, iska mai ɗumi ta riƙa fitowa, wani lokaci gefen direba ɗumi, gefen fasinja sanyi-sanyi. A je a ɗura gas, bayan ɗan lokaci a koma gidan jiya. Laifin na kwandansa ne, wato wannan abu mai kama da ƙaramin lagireto da ke gaban lagireto, inda gas mai zafi ke hucewa. Ƙananan ramuka ke ɓulewa a bututunsa, gas ya riƙa sulalewa a hankali. A 2019 Honda ta amsa cewa ba a ƙera waɗansu yadda ya kamata ba, ta ƙara garantin kwandansa zuwa shekara 10 daga ranar da aka fara sayen motar. Ta kuwa gindaya sharaɗi, in dutse ne ya fasa shi a hanya, ba ruwanta.

A nan akwai abin da masu mota da yawa ba su sani ba. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar yadda fetur ke ƙarewa. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, daga kwamfiresa zuwa kwandansa, zuwa cikin dashbod, ya dawo. In ya ragu, to akwai inda yake fita. Mai gyaran da ke ɗura maka gas duk bayan wata biyu bai gyara komai ba, ciniki kawai ya samu. Kuma man da ke shafe kwamfiresa tare da gas ɗin yake yawo, don haka in aka yi ta kunna esi ba isasshen gas, kwamfiresa ce za ta biyo baya, ita kuwa ta fi kwandansa tsada nesa ba kusa ba. Abin da ya dace shi ne a nemo ramin tukuna, ko da ruwan sabulu, ko da launin da ake zubawa a haska da fitila, sannan a canza abin da ya ɓule, a zuƙe iskar da ta shiga, kafin a ɗura.

Shi kansa gas ɗin ma ya bambanta. Wanda masu gyaranmu suka saba da shi, R-134a ne. Amma Civic ta Amurka daga 2016 da wani sabo ta zo, R-1234yf, wanda kamfanoni suka koma wa saboda tsohon yana ƙara ɗumamar duniya, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa shi a sababbin ƙananan motoci daga 2017. Sabon ya ninka tsohon tsada sau da yawa, bakin da ake ɗura shi ma dabam ne, da gangan aka yi haka don kada a gauraya su. Akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas ɗin da nauyin da motar ke ɗauka. Mai mota ya karanta ta da kansa kafin ya bari a jona masa tiyo, ya kuma tambayi mai gyara abin da ke cikin tulun da ya ɗauko.

Ba muna cewa Civic muguwar mota ba ce. Dubbai suna nan sun yi shekara da shekaru ba su taɓa tsagewa ko zubar da gas ba, kuma babu kamfanin mota da ba shi da irin nasa tarihin. Abin da ya burge mu shi ne yadda mutanen can suka sami biyan bukata. Ba su fi mu baki ba, sai dai sun ajiye rasit, sun rubuta kwanan wata da nisan tafiya, sun kai koke inda ake tara shi, har ya zama hujjar da ba ta musantuwa. Mu kuwa mukan yi cinikin biri a sama, in abin ya ɓaci mu ce ƙaddara ce, mu sayar wa wani. Alhali a Nijeriya ma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2019, ita ma takarda take nema kafin ta saurari mutum.

Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta cikin gilashin gaba a gefen direba, da kuma a jikin ƙofa. Harafi na goma a cikinta shi ke faɗin ainihin shekarar ƙirar, ba abin da dillali ya faɗa ba: 6 na nufin 2006, 8 na nufin 2008, G na nufin 2016, H kuma 2017. Da wannan lamba ana iya dubawa kyauta a intanet, wurin hukumar NHTSA, ko akwai wani kiran gyara da ba a kai motar ba tun tana Amurka. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da tarihin mota da 'yan kuɗi, su nuna ko ta taɓa hatsari, ko ruwa ya taɓa cinye ta, ko an yi gwanjonta. Dillalin da ya ƙi bari a kwafi wannan lamba, ko ya ƙi a zo da makanike tun da safe kafin a tayar da inji, a bar masa motarsa a je gaba.