Man komawa ya fi man tafiya: lissafin masunta kafin tsallaka iyaka ta teku

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, domin waɗanda aiki ya hana su kunna rediyo. Mun yi magana ne a kan masuntan da ke tashi da kwale-kwale daga gaɓar Gana, kamar Tema da Keta, su nausa gabas zuwa ruwan Togo da Binin. Zancen ya shafe mu, domin a zangunanmu na bakin teku akwai 'yan kasuwa da abincinsu ke rataye da kifin da waɗannan jirage ke kawowa, kuma busasshen kifin nan shi ne ake lodawa a mota zuwa kasuwannin arewa.

Da farko, a teku ba a lissafa mai da nisa kamar yadda direban mota ke yi. Da awa ake lissafa shi. Injin da aka fi gani a manyan kwale-kwalen gaɓar nan shi ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Idan aka murɗa shi har ƙarshe, yana shan kusan lita 20 a awa guda. To, ga inda kuɗi ke zurarewa: kwale-kwalen katako mai nauyi yana da iyakar gudun da jikinsa zai ɗauka. Da zarar ya kai nan, ƙarin wutar da ka ba shi ruwa kawai yake turawa, gudu ya ƙaru kaɗan, mai kuwa ya tafi da yawa. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ke sassauta hannu. A makara da rabin awa, a tsira da jarka guda.

Na biyu, ruwan da kansa tafiya yake yi. A wannan gaɓa, yawancin shekara ruwan teku yana gangarawa ne daga yamma zuwa gabas. Wato wanda ya tashi daga Gana zuwa wajen Lome ko Kwatano, ruwa na tura shi ta baya. In ya juyo gida, da ruwan zai yi kokawa, ga kifi a ciki, ga raga ta jiƙe ta yi nauyi.

Bari mu buga misali, mai sauraro ka ɗauki biro. A ce wurin da za a yi su yana da nisan mil 36 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. A ce jirgin yana cin mil 8 a awa, ruwa kuma yana gudun mil 1. Zuwa, mil 9 ke nan a awa, awa 4 ta isa. Dawowa, mil 7, ya haura awa 5, in an sa nauyin kaya a ce awa 6. Idan injin yana shan lita 15 a awa, zuwa lita 60, dawowa lita 90. Ƙara lita 20 ta zagayen neman kifi da zuba raga. Jimla lita 170.

Amma wanda ya ɗauki lita 170 cif, ya yi wasa da ran mutanen da ke cikin jirginsa. Masu harkar jiragen ruwa suna da ƙa'idar kashi uku: a raba mai gida uku, a yi aiki da biyu, a bar ɗaya ba a taɓa ba. A misalinmu, 170 ita ce kashi biyun, ajiya kuwa lita 85. Gaba ɗaya lita 255, wato jarka 11 mai cin lita 25. Ajiyar nan a jarkokinta daban za a rufe ta, kuma ba ta bin garken kifi ba ce. Ta ranar da iska ta juya ce, ko hazon hunturu ya rufe gaɓa aka ɓata hanya. Lokacin da kifi ya fi yawa, daga Yuli zuwa Satumba, shi ne kuma lokacin da teku ke yawan tashi, jirgi yana hawa igiya yana sauka, mai yana ƙonewa.

Akwai kuma ɓarayin mai da ba a gani. Gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa cikin jirgi suna riƙe shi. Farfelar da ta lanƙwashe ko ta guntule tana sa injin ya yi ta ihu babu gudu. Tsohon fulogi, da ruwan da ya shiga jarka saboda murfi bai rufu ba, duk suna cikin lissafi. Kafin a rarraba riba, kuɗin mai ake fara cirewa daga cinikin kifi. Ka ga ke nan kowace litar da aka ƙona a banza, daga rabon yaran jirgi ta fita.

Sai batun iyaka. A Gana gwamnati na sayar wa masunta haɗaɗɗen mai da ake kira firimis a farashi mai rangwame, ta hannun kwamitocin bakin ruwa, kuma domin aikin su aka tanade shi. Karkatar da shi a sayar laifi ne. Wanda mai ya yanke masa a Lome kuwa, da sefa zai saya a farashin can, sidi ba za ta yi masa aiki a gidan mai ba. Don haka a riƙe sefa a aljihu, da baƙin mai na haɗi.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne ɗaukar cewa takardar ECOWAS ta wadatar. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har kwana 90, amma ba ta ba shi izinin zuba raga ba. Kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓar ƙasa, ƙasar ce ke da iko da shi. Gaɓar Togo kuma gajeriya ce, ba ta kai kilomita 60 ba, mutum na bin kifi sai ya tsinci kansa a ruwan Binin bai sani ba. Ƙasashe shida, Laberiya da Kwaddebuwa da Gana da Togo da Binin da Najeriya, suna da kwamitin haɗin gwiwa kan kamun kifi da aka kafa a 2007, mai hedikwata a Tema, amma kowace ƙasa da dokarta. A tambayi hukumar kifi ta ƙasar da za a je da shugaban masuntan wurin tun kafin a tashi, a tafi da rajistar jirgi da katin shaidar kowa.

A ƙarshe, a bar wa wani a gida bayanin inda aka nufa, da yawan mutane, da ranar dawowa, domin wayar salula na ɗaukewa in an yi nisa da gaɓa. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hajiyoyinmu masu zuba jari a mai, ku ma kuna da haƙƙin tambayar matuƙi: awa nawa, lita nawa, ina ajiya?

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙanƙara da yadda ake adana kifi kafin a iso gaɓa. Allah ya kai masuntanmu lafiya, ya dawo da su lafiya. A huta lafiya.