Turunku: Garin Da Muke Zuwa Karɓar Takarda, Mu Juyo Ba Mu Gan Shi Ba

Duk ɗalibin da gidansu ke Rigasa ko Rigachikun ya san sunan Turunku, ko da kuwa bai taɓa son saninsa ba. Nan ne hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, kuma idan ana neman takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, sunan garin ne ke fara fitowa. Ni ma haka na san shi. Shekarar da zan shigo Poli na je can da sassafe, na karɓi abin da ya kai ni, na sayi rake, na hau mota na dawo. Duwatsun da ke kewayen garin kuwa kallo ɗaya na yi musu. Sai bara, ina karance-karance a Gidan Arewa saboda wani aikin aji, na gane cewa wurin da na tsaya ina ƙorafin rana tsohuwar cibiyar sarautar Zazzau ce, tun kafin birnin Zariya da muka sani ya zama mazaunin sarki. Wallahi kunya na ji.

Mu 'yan Kaduna muna da wata magana da muke yawan yi, wai garinmu ba shi da tarihi, Bature ne ya kafa shi. Akwai gaskiya a ciki. A 1917 ne gwamnatin Lugga ta taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, kuma ita makarantarmu ma a 1956 ta fara, a matsayin makarantar koyon fasaha, kafin ta zama Poli a 1968. Amma birnin ne sabo. Ƙasar da aka ɗora shi a kai ta daɗe da mutane, ga Gbagyi a gefen kogi, ga garuruwan Zazzau daga arewa. Turunku na cikin waɗannan.

Ga yadda labarin yake. Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma jerin sarakunanta na Haɓe ya fara ne da Gunguma. A cikin jerin akwai Bakwa Turunku, wanda ake ɗora hawansa a wajajen 1536. A zamanin Bakwa ne, in ji masu ba da tarihi, aka taso daga Turunku aka yi arewa zuwa yankin dutsen Kufena, inda Zariya ta tsiro. Sunan birnin ma ana cewa na 'yar Bakwa ne, Zariya, ƙanwar Amina. Har gobe fadar Sarkin Zazzau Gidan Bakwa ake ce mata. Wato sunan da ƙauyen nan ke ɗauke da shi yana manne da fada mafi girma a jiharmu.

Kun lura na ce "wanda". To nan ma akwai magana, domin wasu na cewa Bakwa mace ce, mahaifiyar Amina, wasu na cewa namiji ne, mahaifinta. A littafin firamare dai an zaɓar mana ɗaya an wuce.

Rikicin bai tsaya nan ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo Amina ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438. Ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da bābanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana wannan aiki. In ka ɗauki wannan, Amina ta riga Bakwa da shekara ɗari. Ta yaya 'ya za ta riga iyayenta? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, da ya rubuta a wajajen 1812, ya ce a Atagara ta rasu. Shi kuma ya yi rubutunsa ne ƙarnoni bayan ta shuɗe, daga abin da ya ji.

A ganina wannan saɓani ne ya sa Turunku ke da muhimmanci. Inda takardu suka kasa daidaitawa, abin da ya rage shi ne ƙasa da bakin mutane: ragowar ganuwa, kufai a gindin duwatsu, fasassun tukwane, sunayen unguwanni da na rijiyoyi, kirarin masu sarauta, da abin da tsofaffi suka ji daga kakanninsu. Akwai Turunku Tsohuwa, akwai Turunku Sabuwa, kuma wannan rabo kaɗai tambaya ce ga mai son sani: yaushe aka tashi, me ya tashe su? Ganuwar ƙasa ba ta jiran kowa fa. Damina na cin ta, garma na cin ta, mai neman ƙasar gini ma ba ya tambayar shekarunta. Tsoho kuwa in ya tafi ya tafi da nasa.

Bari in ɗan leƙa waje. A Ingila, a 1538, shekara biyu kacal bayan lokacin da ake ɗora wa Bakwa, aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure da wanda aka binne. Kafin nan ma, a 1086, an yi ƙidayar filaye da dukiya gari-gari aka haɗa a littafi. Shi ya sa za ka ga ƙauyen da bai kai rabin Turunku ba yana da ƙungiyar tarihi ta 'yan sa kai, malamai masu ritaya da manoma, suna bin waɗannan takardu suna fitar da ɗan littafi. Ba wayo suka fi mu ba, rubutu suka tarar. Mu namu yana kan harshe, saboda haka aikin ɗaukarsa ya fi nasu gaggawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Amina ba ta rasa masu tunawa da ita. Ga kwaleji da sunanta a Kakuri, ga ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello, ga fim da aka saki a Netflix a 2021. An ɗauki sarauniyar an bar garin.

Kuma mu ne muka fi kusa. Gidan Arewa, da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana nan kan titin Rabah, shi kansa Smith ya yi rubutu kan Zazzau a zamanin sarakunan Haɓe. Gidan ajiyar kayan tarihi na titin Ali Aƙilu shi ma kuɗin Keke Napep ne daga Tudun Wada. Duk shekara 'yan safiyo na neman filin aunawa, 'yan zanen gine-gine na neman tsohon gini, 'yan aikin jarida na neman wanda za su yi wa tambayoyi, sai a ƙare ana kwafar furojet ɗin bara. Taswirar abin da ya rage na ganuwar Turunku furojet ce sukutum, hira da dattawa biyar a waya ma haka. Sai dai wanda zai je ya fara tambayar 'yan gari halin hanya, ya tafi da rana, ya fara kai gaisuwa wajen masu gari kafin ya ciro waya ko tef ɗin awo. A riƙe goro.