Rigar Ƙwallo Ba Rigar Walda Ba Ce

A bi layin masu walda a kowane gari, a duba yaran shago nawa ne ke riƙe da ƙarfe sanye da jesin Arsenal ko Barcelona. Maigidan yana gefe yana kallo, ko a jikinsa. Ya san ya ba yaro baƙin tabarau saboda ido, sauran jiki kuwa oho.

Jesin nan da foliyesta ake saƙa ta, dangin roba ce da ake samowa daga man fetur. Da zafi ya kai wajen digiri 250 sai ta narke, tartsatsin walda kuwa ya haura digiri 1,000. Auduga in ta kama wuta, ci take yi ta zama toka. Ita ko roba ɗiga take yi kamar ledar da aka jefa a murhu, ta manne wa fata, ta ci gaba da dafa nama bayan wutar ta mutu. Ƙunar da za ta tsaya a sama sai ta nutsa ciki, a yi ta jinya wata da watanni. Duk a kan me? Wai riga ce mai araha a gwanjo, kuma tana saurin bushewa!

Akwai yadin da aka yi musamman don aikin wuta. Nomex, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar a shekarun 1960, shi 'yan kwana-kwana da direbobin tseren mota ke sawa. Ba ya narkewa, kuma da an janye shi daga wuta sai ta mutu da kanta. Akwai kuma audugar da aka sa wa sinadarin hana kamawa. Suna da tsada, ba musu. Wanda ba shi da hali ya nemi rigar auduga zalla, mai kauri da dogon hannu, da wandon jins, ya ɗaura fata a gaba. Fata dai ba ta yi mana wuya a ƙasar nan ba. Singiletin ciki ma ta auduga za a sa. Rigar aikin da ta sha baƙin mai ko fetur kuwa, kowane irin yadi ne, za ta ci wuta, don haka a riƙa wanke ta, amma ban da bilic ga mai sinadarin.

In tsautsayi ya faɗa, kada yaro ya ruga da gudu, ya kwanta ya yi birgima. A kwarara wa wurin ruwa mai sanyi minti 20. Kada a fizge abin da ya manne, kada a shafa ƙwai ko man goge baki, a wuce asibiti.